Nazarin Lamari: Turmin Haƙorin da Aka Cire wa Jijiya, Daga Daren Farko Zuwa Shekara Guda

Majinyacin ɗan shekara 46 ne, mazaunin cikin birnin Kano, yana sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Ya shekara shida yana shan magungunan ciwon suga, metformin da glibenclamide. Ba shi da hawan jini, ba shi da olsa, ƙodarsa lafiya lau, ba ya shan taba. Goro dai ba ya rabuwa da bakinsa. Abin da ya kai shi wurin likita shi ne turmin haƙorinsa na farko a muƙamuƙin ƙasa ta hagu, wanda ke fitowa yaro yana da shekara 6, kuma shi ne ya fi kowane haƙori shan wahalar tauna.

Labarin ciwon irin wanda aka saba ji ne. Da fari tsami yake ji idan ya sha ruwan sanyi. Daga baya sai zogi da daddare, mai hana barci. Ya cusa kanumfari a kogon, ya sha ƙwayoyin kemis, sai rana ɗaya ciwon ya ɗauke cak. Ya ɗauka sauƙi ya samu. A gaskiya jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta suka mamaye cikin haƙorin suna gangarawa ƙasa. Bayan 'yan makonni ciwon ya dawo da wata kama: ruwan sanyi ba ya damunsa, amma ba ya iya tauna ko tuwo a wajen, kuma yana jin haƙorin ya fi sauran tsawo.

Da aka duba, an ga babban kogo a gefen da ke jingine da turmi na biyu. An ɗora masa auduga mai tsananin sanyi, bai ji komai ba. An ɗan ƙwanƙwasa haƙorin da ƙotar madubi, ya zabura. Hoton haƙori ya nuna duhu a ƙarshen saiwar gaba, faɗinsa kimanin milimita 4, alamar ƙashin wurin ya fara zaizayewa. Babu kumburi, babu zazzaɓi. Aka ba shi zaɓi tsakanin cire haƙorin da cire masa jijiya, aikin da likitoci ke kira rut kanal. Ya zaɓi a bar masa haƙorinsa.

Abin da aka yi a zaman farko

Sai an san abin da aka yi wa haƙorin za a gane ciwon da ke biyo baya. An yi allurar kashe ciwo can bayan muƙamuƙi, inda babbar jijiyar da ke ciyar da haƙoran ƙasa take shiga ƙashi. An yafa wa haƙorin shimfiɗar roba don kada yawu ya shiga, aka huda samansa, aka kwashe ruɓar. An sami hanyoyin jijiya huɗu, biyu a saiwar gaba, biyu a ta baya. Turmin ƙasa yawanci uku gare shi, amma huɗu ba baƙon abu ba ne, kuma hanyar da aka tsallake ba a gani ba tana cikin manyan dalilan da ke sa aikin ya lalace daga baya. An auna tsawon kowace hanya, ya kama wajen milimita 21 daga saman haƙori, aka riƙa kankare ta da siraran zartuna ana tsayawa rabin milimita zuwa milimita ɗaya kafin ƙarshen saiwa. Tsakanin zarto da zarto ana ɗauraye ciki da ruwan haifokulorait, sinadarin da ke cikin bilicin wanki amma a tsarme. Da yake akwai ruɓa a ƙarƙashin saiwa, ba a cike hanyoyin a ranar ba. An zuba musu farin maganin kalsiyam haidiroksaid mai kashe ƙwayoyin cuta, aka toshe ƙofar da cikon wucin gadi, aka sa masa ranar dawowa bayan mako biyu.

Daren farko

Allurar muƙamuƙin ƙasa tana kashe rabin leɓe da rabin harshe na awa biyu zuwa huɗu. An gaya masa kada ya ci komai sai ta sake shi. Amma mai shan glibenclamide ba ya wasa da yunwa, don maganin yana iya faɗar da suga ƙasa warwas idan aka tsallake abinci. Shi ya sa ake so mai ciwon suga ya karya kumallo sosai, ya sha maganinsa yadda ya saba, a yi masa aikin da safe. Shi kuwa ya zo cikinsa babu komai, yana zaton irin aikin tiyata ne da ake hana ci. Da ya fito jiri ya fara ɗibarsa, ya tsaya ya sha shayi mai zafi da burodi alhali leɓensa a mace. Ya ƙone leɓen, ya kuma ciji cikin kumatunsa bai sani ba. Kashegari wurin ya yi farin gyambo, wanda ya tsorata shi fiye da haƙorin. Irin wannan gyambo yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, kurkurar ruwan gishiri ta ishe shi.

Bayan isha'i haƙorin ya fara ciwo. A nan ne mutane da yawa ke rikicewa, su ce ai an ce an cire jijiya, me kuma ke ciwo? Jijiyar cikin haƙori kaɗai aka cire. Tsakanin saiwa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn tantani, kaurinsa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, shi ke riƙe da haƙori, kuma cike yake da nasa jijiyoyin. Tantanin nan dama a kumbure yake saboda ruɓar, sannan ga zarto ya yi ta kai-komo a kusa da shi, ga ɗan dattin da ba a rasa turawa ta ƙarshen saiwa. Dole ya yi tsami. Wannan ciwo ya fi tsanani a kwana ɗaya zuwa biyu na farko, daga nan ya riƙa ja da baya, yawanci ya ɓace cikin mako guda. Tsamin da ake ji idan an danna haƙorin yana iya ɗan wuce haka.

Maganin da aka rubuta masa biyu ne: ibuprofen miligiram 400 duk bayan awa takwas, a kan abinci, da farasitamol miligiram 1,000, wato ƙwaya biyu ta 500, duk bayan awa shida. Haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai aiki a ciwon haƙori, don ibuprofen yana kwantar da kumburin tantanin, farasitamol kuma yana rage jin zafin ta wata hanyar daban. Dabarar ita ce a sha na farko kafin allura ta gama saki, sannan a bi agogo na kwana biyu zuwa uku, ba a jira sai ciwo ya taso ba. Farasitamol kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da dare, saboda hanta, kuma a tuna cewa magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai shi a ciki. Ibuprofen kuwa ba na kowa ba ne. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin tsinka jini, mai juna biyu, da mai asma da irin wannan magani ke tayar masa, duk sai sun faɗa wa likita tukuna.

Majinyacin bai sha da wuri ba, ya bari sai da zogi ya kama shi. Ya aiki yaro kemis ɗin unguwa, aka ƙullo masa haɗi a leda: diclofenac, piroxicam, da kafso na amoxicillin guda huɗu. Diclofenac da piroxicam da ibuprofen 'yan gida ɗaya ne. Tara su a ciki ɗaya ba ya ƙara kashe ciwo, sai dai ya ci bangon ciki ya wahalar da ƙoda, kuma ƙodar mai ciwon suga ba abin wasa ba ce. Kafso huɗu kuma ba su kashe komai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba maganin ciwo ba ne, kuma jini ba ya shiga cikin haƙorin da jijiyarsa ta mutu balle ya kai maganin can. Uwargidansa ta kawo tsumma da ruwan zafi za ta gasa masa kumatu, ta haɗa da man zafi. Niyyar mai kyau ce, amma gashi daga waje yana ƙara kumburi, idan kuma akwai mugunya yana iya jawo ta wajen fata. Abin da ya dace a ranar farko shi ne ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 a kan kumatu, minti 15 a huta, a kuma ɗaga kai da matashi biyu wajen kwanciya. Ruwan ɗumi a cikin baki yake da amfani: rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, a kurkure a hankali sau uku ko huɗu a rana.

Kwana na uku: ciwon da bai bi hanya ba

Ranar ta uku, maimakon sauƙi, sai abin ya ƙaru. Ya koma asibiti ransa a ɓace.

"Likita, ni fa da na san haka ne da cire shi kawai aka yi. Ko rufe baki na yi sai na ji shi har ƙwaƙwalwa."

"Sannu Alhaji. Idan bakinka a buɗe yake, ba ka taɓa shi ba, yana zogi?"

"A'a. Sai haƙoran sun haɗu."

"To ciji wannan takardar a hankali. Ƙara. Yanzu goga su hagu da dama."

Takardar shuɗiya ce, tana barin tabo duk inda haƙoran sama da na ƙasa suka haɗu. Da aka zare ta, sai ga tabo mai kauri a tsakiyar cikon wucin gadi, haƙoran kusa da shi kuwa da ƙyar suka ɗauki launi. Cikon ya yi tudu. Hakan na faruwa ne domin a lokacin da ake gwada cizo bakin majinyaci a mace yake, ba ya iya faɗin ko ya zauna daidai, ga kuma tantanin da ya kumbura ya ɗan ɗago haƙorin. Duk haɗiyar yawu, duk rufe baki, wannan haƙori ke fara karɓar nauyin muƙamuƙi gaba ɗaya. An goge tudun cikin minti biyu ba tare da allura ba, aka ɗan rage tsinin haƙorin tunda dama hula za a sa masa, wato murfin da ake kifa wa haƙori ya rufe shi gaba ɗaya. Kafin kwana biyu ciwon ya sauka.

Tambayar da likitan ya yi ita ce mabuɗin rarrabe ciwon bayan aiki. Tsami mai raguwa kullum, na warkewa ne. Ciwon da ba ya zuwa sai an cije, kuma haƙorin ke riga sauran taɓawa, yawanci tudun ciko ne, gyaransa ba wuya, kuma ba dalilin da zai sa mutum ya yi mako yana haƙuri da shi. Zogi mai bugawa ko ba a taɓa ba, wanda magani ba ya kwantarwa, musamman idan da kumburi, wannan tashin ruɓa ne, sai an sake buɗe haƙorin. Akwai kuma wanda ba a kwana da shi: kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya haura wajen ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta gagara, murya ta canza, numfashi ya yi wuya. Ruɓar turamen ƙasa tana iya bazuwa ƙarƙashin harshe ta toshe hanyar iska cikin awoyi, kuma masu ciwon suga sun fi shiga wannan haɗari. Wanda ya ga haka ya nufi sashen gaggawa na babban asibiti ko da tsakar dare ne, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya ko Asibitin Murtala a cikin birni.

Ci da tsaftar baki a tsakanin zama biyu

An hana shi tauna a hagu gaba ɗaya. Cikon wucin gadi laushi gare shi, an yi shi ne ya yi makonni kaɗan, kuma sai kaurinsa ya kai milimita 3 zuwa 4 yake iya tare yawu. Goro, rake, aya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, guringuntsi da ƙashi suna farfasa shi. Masu danƙo irin su alawa, tuwon madara, cingam da busasshen dabino kuwa ɗago shi suke yi ɗungurungum. Tsinken sakace ya fi su duka ɓarna, don harshe ba ya barin wurin, hannu kuma sai ya bi shi.

Abinci mai laushi yana da nasa tarkon ga mai ciwon suga. Abin da ake fara kawo wa mara lafiya a gidajenmu shi ne koko da suga, kunu, fura mai zaƙi, lemon kwalba. Cikin kwana huɗu sugansa na safe ya haura 200, alhali abin da ake nema kafin karin kumallo 80 zuwa 130 ne. Suga mai yawa yana rage wa jini ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta, yana kuma jinkirta cikowar ƙashi. Aka canza masa zuwa alale, dafaffen ƙwai, faten wake, kifi, nono marar suga, da ɗan tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, yana tauna a dama.

Wanke baki bai tsaya ba. Buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, har kan haƙorin da aka yi wa aiki, a hankali. Aswaki ba laifi a sauran haƙora, amma kada a dirje saman cikon da shi. Kurkurar baki a alwala ba ta cutar da komai. Idan ciko ya ɗan lotsa, wannan ba damuwa. Idan ya fita har harshe na jin rami, ko ana jin ɗacin magani, a koma cikin kwana ɗaya ko biyu.

A zama na biyu haƙorin ya daina ciwo, hanyoyin a bushe, babu wari. Aka wanke farin maganin, aka cike hanyoyin huɗu da gata-farca, wani irin roba da asalinsa ƙaron itace ne, tare da man da ke liƙe shi da bango. Hoto ya nuna cikon ya kai inda ake so a kowace saiwa. Aka sake toshe sama da cikon wucin gadi, aka ce ya dawo cikin mako biyu a gina haƙorin a auna masa hula. Wannan a tsakiyar watan Sha'aban ne.

Wata huɗun da suka kusa cinye haƙorin

Bai dawo ba. Ba sakaci ne kawai ba, kuma ya kamata a faɗi gaskiyar dalilansa. Azumi ya kama, Kwari ta cika maƙil da masu sayayyar Sallah, ɗan kasuwa ba ya barin shago a wannan lokaci. Kuɗin hula daban yake da kuɗin cire jijiya, shi kuma ya ɗauka abin da ya biya ya haɗa komai. Uwa uba, haƙorin ba ya ciwo. A ganinmu nan ne aikin ya fi yawan lalacewa a garin nan, ba a kan kujerar likita ba. Hakkin likita ne tun ranar farko, kafin a taɓa haƙori, ya faɗi kuɗin aikin har da hula, ya kuma faɗa a fili cewa turmin da aka cire wa jijiya ba a rufe shi ba, ɗaki ne da aka share aka yi wa daɓe aka bar shi ba rufi ga damina tafe.

Abu biyu ke faruwa da irin wannan haƙori. Na farko yoyo. Cikon wucin gadi yana cinyewa, gefensa ya buɗe, yawu ya riƙa tsiyaya ciki. Gata-farca ba ta kashe ƙwayoyin cuta, gurbi kawai take cikewa, kuma idan ta daɗe a jiƙe da yawu sai su bi gefenta su koma ƙarshen saiwa. Babu jijiyar da za ta yi ƙara, saboda haka mutum ba ya jin komai sai ɓarna ta yi nisa. Na biyu karyewa. Ana yawan cewa haƙorin bushewa yake yi, amma babban dalilin shi ne yawan abin da ya rasa: ruɓa ta ci gefe ɗaya, an huda tsakiya, an cire rufin da ke ɗaure bangwayen da juna. Abin da ya rage bangwaye ne a tsaye kowanne shi kaɗai, kuma duk tauna tana buɗa su waje. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya gano cewa haƙoran da aka cire wa jijiya ba a sa musu hula ba, ana rasa su ninki shida fiye da waɗanda aka sa wa.

Tun bayan ƙaramar Sallah ya koma tauna goro a hagu. Kwana biyu bayan layya, yana cin soyayyen nama, ya ji ƙas. Bangon haƙorin na gefen harshe ya tsage, yana lilo, dasashi ne kawai ke riƙe da shi.

Tambayar da ke gaban likita a nan ɗaya ce: ina tsagewar ta tsaya? An yi allura aka cire ɓallin. Layin karayar ya gangara a karkace ya ƙare daidai bakin dasashi, bai kai ƙashi ba, bai kuma ratsa ƙasan ɗakin jijiya ba, wato kogon tsakiyar haƙori inda jijiya take zama. An zagaya haƙorin da siririn ma'auni ana neman wuri guda da zai nutse zurfi, wanda shi ne alamar saiwa ta tsage a tsaye. Ba a samu ba. Da tsagewar ta bi saiwa, ko ta raba saiwoyin biyu, babu sauran magani sai cirewa. Ta wannan fuskar ya yi sa'a.

Cikon wucin gadi kuwa saura ɗan ɓurɓushi. Kan gata-farcar ya yi baƙi, yana wari, kuma sabon hoto ya nuna duhun ƙarƙashin saiwa bai ragu ba. Likitoci da yawa suna bin ƙa'idar cewa cikon saiwa da ya zauna cikin yawu wajen wata uku ba a amince masa, ko da hotonsa ya yi kyau. Ɗora hula mai tsada a kan wannan binne matsala ne. Aka yanke shawarar sake aikin daga farko.

Sake aiki, da tashin ruɓa

Sake aiki ya fi na farko wuya da tsada. Sai an narkar da tsohuwar gata-farca an zaro ta kaɗan-kaɗan, a sake wanke hanyoyin, a sake zuba farin magani. Ya kuma fi saurin tayar da ruɓa, kuma haka aka yi. Kwana biyu bayan zaman, ya wayi gari da zogi mai bugawa wanda bai damu da cizo ba, dasashin gefen kumatu ya tasa, kumatun ya ɗan kumbura, zafin jikinsa 38.2, sugansa ya yi sama. Wannan karon bai je kemis ba, ya kira asibiti aka ce ya taho.

An buɗe haƙorin, mugunya ta fito ta hanyar saiwar gaba, nan take ya ce nauyin ya sauka. Aka ɗauraye har ta daina fitowa, aka sake sa magani aka rufe. Ba a barin haƙori a buɗe wai don ya riƙa tsiyaya, domin abinci da sabbin ƙwayoyin cuta ne za su cika shi. A wannan karon an ba shi amoxicillin miligiram 500 sau uku a rana na kwana biyar, bayan an tabbatar jikinsa ba ya ƙin dangin fenisilin. Bambancin da daren farko a bayyane yake: yanzu akwai zazzaɓi, akwai kumburin da ya fita daga haƙori ya shiga nama, ga ciwon suga da bai daidaita ba. Duk da haka fitar da mugunyar ce ainihin maganin, kafson taimako ne. An kuma tura shi wurin likitansa na suga, inda gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku ya ba da kashi 8.9 cikin ɗari, alhali ana son ya sauka ƙasa da 7. Aka gyara masa magunguna. Kumburin ya sace cikin kwana uku.

Bayan mako biyu aka cike hanyoyin, kuma a zaman nan ɗin, kafin ya tashi daga kujera, aka gina cikin haƙorin da ciko na dindindin mai kama jikin haƙori. Ba a kafa masa ƙusa a saiwa ba, don ɗakin jijiyar turmi yana da zurfin da zai riƙe gini, ƙusa kuma ba ta ƙara wa saiwa ƙarfi, wani lokacin ma ita ke tsaga ta. Abin da ke ba hula ƙarfi shi ne ta kama lafiyayyen haƙori na asali, tsayin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, a kewaye. A gefen da ya karye hakan bai samu ba sai da aka ɗan rage dasashi. An ba shi zaɓi tsakanin hular ƙarfe zalla, ta tangaran a kan ƙarfe, da ta zakoniya, wani farin abu mai tauri mai kama da tangaran. Ga haƙorin da ya riga ya rasa bango, a can baya inda ba a gani, a bakin mai cin goro, ta ƙarfe zalla tana da hujja mai ƙarfi: ba ta bukatar a fere haƙori da yawa, kuma ba ta da tangaran da zai ɓantare. Ita ya ɗauka. Aka ɗauki awo, ya yi kwana goma da hular wucin gadi, sannan aka liƙa ta gaske aka gwada cizo da shuɗiyar takarda, wannan karon bakinsa ba a mace ba.

Bibiya

Rashin ciwo ba ya nuna ƙashi ya warke, hoto ne ke nunawa. Ƙashin da ruɓa ta ci yana ɗaukar wata shida zuwa shekara kafin cikowarsa ta fito sosai a hoto, kuma ƙa'idar da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai ta fitar a 2006 ita ce a duba bayan shekara guda, idan duhun bai gama ɓacewa ba a ci gaba da bibiya har shekara huɗu kafin a ce aikin bai yi ba. A wata na shida duhun ya ragu da kusan rabi, gwajin sugansa na wata uku ya sauko 7.4. A shekara guda saura ɗan siririn layi a ƙarshen saiwar gaba, yana tauna a hagu ba tare da jin komai ba, dasashin da ke kewaye da hular ba ya jini.

Hula ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinta yana ruɓewa daga bakin da ta haɗu da dasashi, kuma ba zai ji ciwon gargaɗi ba. Saboda haka an nuna masa yadda zai riƙa zura zaren sakace tsakanin hular da turmi na biyu kowane dare, a daidai wurin da kogon farko ya fara. Goro bai bari ba, an dai roƙe shi ya riƙa yanka shi ƙanana, ya bar fasa ƙashi da haƙori. An sa masa ranar wani hoton bayan shekara, tare da sharaɗin ya dawo kafin nan idan ya ga ɗan ƙurji a dasashi mai fashewa yana dawowa, ko ya ji hular tana motsi, ko tsami ya dawo wajen tauna.